Ruwan Zuwera a Ɗakin Takaba

Sunanta Zuwera, ɗiyar Bawa Majemi, ɗan Oumarou Majemi, ɗan Jaɗi wanda ya fara kafa majema a gefen gulbi a Tibirin Gobir. Mahaifiyarta Hadizatu ce, ɗiyar Zeinabu mai wankan gawa, kuma ta hannun waɗannan mata biyu aikin ya gangaro har ya iso gare ta. Daga wajen uba ta gaji tsagen Gobir da ke kumatunta da hannu mai kaushi. Daga wajen uwa ta gaji ƙwarya, da ganyen magarya, da sanin yadda ake juya mamaciya ba tare da an buɗe al'aurarta ba.

Aure ya kawo ta Yamai. Mijinta Ousmane tela ne a Maourey, suka zauna haya nan da can kafin su samu fili a Talladjé, inda katanga ɗaya ta raba gidansu da nawa tun ina koyarwa a lakwal ta 'yan mata. Ousmane ya rasu, ɗansu ɗaya yana aiki a arewa, ita kuwa tana sayar da dafaffen zogale a ƙofar gida. Ba da zogale aka san ta ba. In mace ta cika a unguwarmu, kafin a gama salati an aika a kira Zuwera.

Wajibi ne in bayyana matsayin mai wannan aiki a tsakaninmu, domin labarin duka a kansa ya rataya. Kowa yana bukatarta, amma ba wanda yake son ganinta kafin lokaci. Tana zuwa suna, tana zuwa biki, ana ba ta tabarma mai kyau. Gidan da ke da majinyaci kuwa ba ta shigarsa. Ba wanda ya taɓa faɗa mata haka baki da baki. Ita ce ta lura da yadda fuskoki ke canzawa, da yadda ake raɗa cewa ta zo gwada tsawon likkafani. Sai ta ɗaura wa kanta doka: dubiya sai dai aike. Ta kiyaye wannan doka shekaru masu yawa, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta jin tsoronta, ita ce Zalika. Zalika Bazabarma ce, ɗiyar masu lambu a Gamkalley, tana auren Tanimu direba, mutumin Maradi. Da yake akwai wasa tsakanin Zabarmawa da Gobirawa, ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba.

“Baiwata, yau wa kika wanke?” Zalika kan ɗaga murya tun daga bakin titi.

“Ke nake jira, mai warin albasa. Na ajiye miki sabulu na musamman.”

“Sai kin tsufa kina jira. Ni zan wanke ki, da ruwan kogi, in kankare tsagen nan.”

Haka suke tun suna masu goyo.

A bazarar shekaran bara, bayan ƙaramar salla, zafi ya sauka a Yamai irin wanda tsofaffi suka ce ba su tuna kamarsa ba. Iska in ta kaɗa kamar an buɗe murhu. Kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa tun da hantsi, fanka ta tsaya, ruwan famfo ya fito kamar an dafa shi. A makonnin nan aka yi ta kiran Zuwera, kuma yawancin waɗanda take wankewa tsofaffin mata ne.

A nan ta fara lura da abin da ya hana ta barci. Bisa ga saninta, kafin a aiko, ta yi alwala, ta ɗauki kayanta ta iso, jikin mamaciya ya fara sanyi. Waɗannan kuwa in ta sa hannu sai ta ji su da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ɗakunan ma kusan iri ɗaya: rufin tol, wato kwano, taga a rufe, moɗar ruwa a gefen shimfiɗa ba a taɓa ta ba. In ta tambayi 'yan gida yadda aka yi, jawabin bai cika bambanta ba. Ta yi kukan ciwon kai. Ta ƙi abinci. Ta fara surutai, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Aka ɗauka zazzaɓi ne, aka lulluɓe ta don ta yi gumi, gumin bai zo ba.

Wata safiya ta tafi likitar unguwa, wato ƙaramin asibitinmu, ta jira har majo Mahamadou, shugaban masu jinya a wurin, ya sallami mutane, ta faɗa masa abin da hannunta yake ji. Ya ce mata:

“Iya, zafi ne yake kashe su. Ba sai mutum ya shiga rana ba, ɗaki ma yana dafa mutum. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, sai jikinsa ya bushe bai sani ba. Farkonsa ciwon kai da jiri da kasala, fitsari ya ragu ya yi ja. A nan in an fitar da shi inuwa, an jiƙa shi, an ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, da ɗan gishiri da sukari, yakan farfaɗo. Amma in jiki ya yi zafi ƙwarai, hankali ya gushe, yana magana ba kan gado, to ba a jira. A cire masa kaya masu nauyi, a zuba masa ruwa mai sanyi a duk jiki, a yi ta fifita, a kawo shi nan ana zubawa. Kada a ɗura masa komai a baki in ba ya cikin hayyacinsa.”

“A zuba masa ruwa,” in ji Zuwera.

“A duk jiki. Kamar wanka.”

Ta gaya mini daga baya cewa kalmar nan ta tsaya mata a rai. Wanka shi ne abu ɗaya da ta iya, kuma shi ne abu ɗaya da ba za a bari ta yi wa mai rai ba.

Ana cikin haka Tanimu ya rasu. Ya daɗe yana fama da ciwon zuciya, ya faɗi a tasha. Zalika ta shiga takaba, yayarsa Hajiya Nana ta zo daga Maradi don ta tsaya a kan lamarin. Ba na so a ɗauke ta muguwa. Mace ce mai ibada, ita ta yi renon Tanimu, kuma abin da ta ɗora wa Zalika shi aka ɗora mata lokacin da nata mijin ya rasu. A al'adar gidansu mai takaba tana zama a ɗakin da mijin ya kwana na ƙarshe, ba ta fita tsakar gida da rana sai don kewayawa, tana lulluɓe da zane biyu, ba ta wanka sai ranar Juma'a. Na tambayi limamin unguwarmu, ya tabbatar mini cewa abin da addini ya ɗora mata shi ne zama a gidan miji da barin ado. Hana wanka da kulle a ɗaki ɗaya ba su cikinsa. Amma Hajiya Nana ba ta zo neman fatawa ba. Ta zo ta yi wa ƙanenta abin da take ganin hakkinsa ne.

Ɗakin Tanimu yana fuskantar yamma. Rufinsa tol ne, ba silin, tagarsa ɗaya kuma ƙarama.

A kwanakin karɓar gaisuwa Zuwera ta shiga ta fita kamar kowa. Ta ga ɗakin, ta ga zannuwan, ta ga moɗa. Ta ce wa ƙawarta a hankali, “Ki riƙa shan ruwa.” Zalika ta ce ba ta jin ƙishi, kuma yawan sha yawan fita ne, ga idon Hajiya. Da baƙi suka watse sai aka ji Zalika na ciwon kai. Daga ranar ta zama majinyaciya, dokar Zuwera ta hau kanta, ƙofar gidan ta rufu gare ta.

Sai ta ɗauke tasar zogalenta daga ƙofar gidanta ta mayar ƙarƙashin itacen dogon yaro da ke fuskantar gidan Tanimu, nan layinmu. Ba ciniki ya kai ta ba. Farida take jira, ɗiyar Zalika, matar aure da ta baro gidanta don ta zauna da uwarta. Duk fitar da Farida za ta yi sai ta tare ta.

“Ya jikin?”

“Da sauƙi, Iya.”

“Ban tambaye ki da sauƙi ba. Ta sha ruwa?”

“Ta kurɓa.”

“Ta kewaya yau?”

Farida ta sunkuyar da kai, don ba tambayar da ɗiya ke amsawa a titi ba ce. “Tun jiya da yamma ban ga ta fita ba.”

“Ki jiƙa zane ki shafe mata jiki. Ki buɗe taga.”

“Gwaggo ta ce sai Juma'a. Ta ce shafa ma wanka ne.”

Washegari Zuwera ta shigo gidana ba sallama mai tsawo, ta roƙe ni in shiga a madadinta. Na shiga. Zafin ɗakin ya bugi fuskata tun daga labule. Zalika tana kwance, ta amsa gaisuwata daidai, sai dai leɓɓanta sun tsage kuma tana dafe da kai. Na faɗa wa Hajiya Nana abin da majo ya ce, dalla-dalla. Ta saurare ni da ladabi, ta ce an ba ta maganin zazzaɓi, ta ce baƙin ciki ne ya fi yawa, ta sa aka buɗe taga. Farida ta gaya mini an rufe ta bayan fitata, don kada mai wucewa ya hangi mai takaba.

Ranar Laraba kuran bai zo ba sam. Bayan azahar ina zaune a zaure na hangi Zuwera tsaye a gindin dogon yaro, ta bar tasa a buɗe ƙudaje na bi, idonta a kan ƙofa. Sai ga Farida ta fito ba takalmi.

“Iya, Inna tana hira da Baba.”

“Me take cewa?”

“Tana ce masa ya gyara mota a bakin lambu. Tana dariya. Ba ta gane ni ba. Gwaggo ta ce shi ne ya zo mata, sun kunna turaren wuta, sun lulluɓa mata babbar rigarsa.”

“Jikinta fa?”

“Ba ya taɓuwa. Kuma ba ta gumi.”

Akwai garuwa yana wucewa da kurarsa. Zuwera ta tsayar da shi, ta sa hannu a bido, wato jarkar ruwansa, ta janye: ruwan ya sha rana. Ta juyo wajena. “Madam, randarki.” Randata tana cikin inuwa, a kan jiƙaƙƙen yashi. Muka cika bokiti biyu, ta ɗauki ɗaya, Farida ta ɗauki ɗaya. Ta kalli ko'ina tana neman abin ɗiba, hannunta ya faɗa kan ƙwaryar da nake auna gero. Na ga ta yi jim. Ta san me za a gani. Ta ɗauka.

Mata huɗu ne a tsakar gidan. Da suka ga mai wankan gawa ta shigo da ƙwarya da ruwa, ɗaya ta fasa kuka tana salati, ta ɗauka an riga an cika. Hajiya Nana ta fito daga ɗakin, hayaƙin turare na biye da ita, ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe hannuwa.

“Wa ya kira ki?”

“Ba wanda ya kira ni, Hajiya. Ki ba ni hanya.”

“Ba ta mutu ba! Da ranta!”

“Shi ya sa nake sauri.”

“Za ki wanke ta da ranta? Kina yi mata fatan mutuwa? Yau Laraba, mace tana takabar ƙanena, ki shigo mana da ƙwaryar matattu?”

“Ƙwaryar geron Madam ce. Hajiya, zafi ne. In ta kai la'asar a ɗakin nan, gobe ke za ki aiko a kira ni.”

Daga ciki ana jin muryar Zalika, siririya, tana lissafa wa mijinta kwandunan ganyen salati na lambu da za a loda. Hajiya Nana ba ta motsa ba. Hawaye na zuba a fuskarta, amma hannuwanta na nan a buɗe. Zuwera kuma ba ta iya ture babbar mace a gidan makoki.

Farida ce ta warware. Ta ajiye nata bokitin, ta durƙusa a gaban Hajiya Nana ta ce, “Gwaggo, ki gafarce ni. Na rasa uba a watan nan, ba zan rasa uwa ba.” Ta bi ta ƙarƙashin hannunta ta shige. Muka ji ta ture kaskon turare. Sai ga ta tana jan tabarma da uwarta a kai, Hajiya ta matsa don kada a taka ta.

Muka ja ta zuwa rumfa, inda iska ke ratsawa daga zaure. Zuwera ta yaye babbar rigar, ta cire zane na sama, ta bar ɗaya. Na taɓa goshin Zalika, na janye hannu. Fatar ta bushe, tana zafi, idanun a buɗe amma ba sa kallon kowa, numfashi na fita da sauri-sauri. Zuwera ta yi bisimilla ta fara zubawa: kai, wuya, hammata, ƙirji, cinyoyi. Matan suka juya baya. Ɗaya ta fice tana cewa ba da ita ba.

“Fifita!” Zuwera ta daka wa Farida tsawa. “Madam, faifai, murfin tukunya, komai! Wata ta je ta kira taksi!”

Muka yi ta fifita. Ruwan na bushewa a jikinta kusan muna kallo, Zuwera na ƙarawa. Bokiti ɗaya ya ƙare. Hajiya Nana ta matso da kofin rubutu, ta tallafi kan Zalika za ta ɗura mata. Zuwera ta riƙe wuyan hannunta.

“A'a, Hajiya. Ba ta haɗiya, zai sarƙe ta. Ki shafa mata a fuska.”

Hajiya ta kalli hannun da ya riƙe ta kamar wuta ce ta taɓa ta. Amma ta shafa.

Zalika ta daina magana. Wannan ya fi surutan tayar mini da hankali. Zuwera ta sunkuya a kunnenta.

“Ke, mai warin albasa. Kin ce ke za ki wanke ni. Ashe ƙarya kike, Bazabarma? Tashi ki zage ni.”

Ta ci gaba da zuba mata ruwa.

Taksi ya iso. Hajiya Nana ta ce mai takaba ba ta barin gida. Na ce mata liman da bakinsa ya ce lalura ta halatta, kuma in akwai laifi a ɗora mini. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi ta zauna a gaban mota. Direban ya fara ƙorafin kujerunsa da ya ga bokiti, Farida ta kalle shi, sai ya sauke gilasai duka. Zuwera ta rungume kan ƙawarta a cinya, tana tsoma zane tana matsewa a jikinta har muka isa likitar unguwa. Majo Mahamadou ya duba Zalika, ya sa mata sarom, wato ƙarin ruwa, ya ce wannan ta fi ƙarfin wurinsa, aka wuce da ita babbar likita.

A can aka karɓe ta aka bar mu a baranda. Zuwera ta ƙi zama kusa da ƙofar ɗakin. Ta koma can ƙarshen baranda, bayan wani ginshiƙi, don kada wani ɗan unguwarmu da ke da majinyaci a ciki ya gan ta. Zanenta ya jiƙe sharkaf. Ta ce mini, “In ta tafi, za su ce ni na kira mata ita.” Ni ma na san haka za su ce. Likita ta fito gab da magariba ta ce zafin jikin ya sauka, kuma jiƙa ta da aka yi tun daga gida ya taimaka ƙwarai, amma ba za ta iya cewa komai a kan ƙoda da ƙwaƙwalwa ba tukuna.

Sai washegari da hantsi Zalika ta gane Farida. Ta tambayi inda take, aka faɗa mata, aka faɗa mata wadda ta kawo ta. Sai ta ce a gaya wa baiwar nan ta Gobir ta iya wanka amma ba ta iya sa sabulu ba. Farida ta kawo saƙon baranda tana kuka tana dariya. Zuwera ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafinta.

Zalika ta rayu, amma ba ta dawo yadda take ba. Tafiyarta ta yi nauyi, magana kan ɓace mata a tsakiya, kuma likita ta hana ta aikin rana. Ta ƙarasa takabarta a ƙarƙashin rumfa, da buta a gefe, tana wanka kullum. Hajiya Nana ta zauna har ƙarshe, ita da kanta take cika butar, amma ba ta sake yi wa Zuwera magana ba har ta koma Maradi. Unguwa kuma ta rabu. Wasu suna cewa ta ceci rai. Wasu suna cewa wadda ta zuba wa mai rai ruwan wanka ta keta abin da ba a ketawa, har gidaje biyu da aka yi rasuwa suka aika wata unguwa neman mai wanka.

Tun daga shekarar Zuwera ta karya dokarta gaba ɗaya. Da zarar bazara ta kama, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ko awaki sun lafe a gindin katanga, sai ta ɗora jiƙaƙƙen zane a ka, ta ɗauki buta, ta bi gidajen da ta san akwai tsoho a ɗakin tol. Tana sallama, tana tambaya ko an sha ruwa, ko taga a buɗe take, ko an fitar da shi rumfa. Wasu suna ba ta wurin zama. Da yawa suna amsa mata daga bayan ƙofa. Wata tsohuwa a bayan masallaci takan jefe ta da takalmi. Ita kanta ta tsufa, tana haki in ta dawo, kuma duk ranar da ta jima ba ta shigo ba sai in kasa zama, in fita zaure ina leƙen titi.

Bana, wata rana da ta dawo leɓɓanta sun bushe, na zaunar da ita, na ba ta ruwa, na jira ta shanye. Sa'an nan na tambaye ta dalilin da ya sa take kai kanta gidajen da ake korarta, a cikin ranar da take gargaɗin mutane a kanta.

Ta ajiye moɗa ta ce, “Madam, ajali na Allah ne, ban ja da shi ba. Amma ni ce nake shiga ɗakin bayan kowa ya fita, ni ce nake sa hannu. In na ji jikin da zafi, sai in ce da jiya na zo, da wataƙila yanzu zagina take yi. To, su zage ni. Wadda ta kore ni na san da sauran ƙarfinta, sai in wuce gida na gaba. Wadda nake tsoro ita ce wadda zan yi sallama ta kasa korata.”